Goron Inna a Gadar Makwar

Hajj Abdalla, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da matarka Widad da yara, da Innarmu. Mu nan garin Hajj Abdalla alhamdu lillahi, an shiga tsinkar auduga, kowa yana hawasharsa, wato gonarsa, daga safe har yamma.

Takarda na rubuto ban kira waya ba, don ka san kunnen Inna. Ko bayan ɗaki ka zaga da waya sai ta ji abin da aka ce, har ta ba da amsa. Sa'id direba zai ba ka wannan hannu da hannu, kar ka buɗe a gabanta.

Yau zan ajiye kunyar 'yar fari in kama sunanta a takarda: Kausar ta dawo gida goyon ciki. Ka san yadda na bara ya zube. Likita a Madani ta ce ban da doguwar tafiya, ban da jijjigar mota, ta zauna kusa da asibiti har Allah ya sauke ta. To yarinyar nan ba ta da magana sai ta Habbobarta, kakarta Inna. Inna ce ta riƙe ta tun daga yaye har ta zama budurwa, ta kuma rantse ba hannun da zai yi mata wankan jego sai na Inna. Abinci sai ta tsakura ta ture kwano. Ta rame, idanu duk sun faɗa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa ubanta ya yi nasa. Tsoro ne a cikinta, Ɗayyabu, kuma ni da ko haɗa ido da ita ban saba ba, ba ni zan cire mata shi ba.

Kar ka fara ba ni labarin gadar Makwar, na ji shi har na haddace. An ɗauko Inna amarya daga wannan ƙetaren namu na yamma cikin jirgin ƙasa da damina, kogi ya cika ya batse, jirgin ya tsaya a tsakiyar gada tun hantsi har la'asar, ruwa na ruri a ƙarƙashinsu tarago na rawa. Da ta taka ƙasar gabas ta ce ita da gada har abada, ta kuwa cika. Bikina ba ta rako ni ba. Rasuwar Kawu Adam, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, daga can gidanku ta yi kukanta. Kwale-kwale kuwa ko sunansa ba ta son ji. Duk na sani, amma wannan karon sai ta ƙetaro.

Kai ne autanta, kai ne ke gida ɗaya da ita, kai take saurara. Na kuma ji labarin ɗana Muzammil ya aiko wa yaranka jirgin ƙasa na wasa mai batir daga Jidda, ka ƙwace, gemai-gemai da kai kana rarrafe a rakuba, rumfar tsakar gida, kana kukan jirgi da baki. Tunda kana da lokacin wannan, kana da lokacin Inna.

Ka gaishe mini da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Zainabu

*

Hillat Garba, gabashin kogi, ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, na karanta ta a bayan injin ban ruwa kamar yadda kika umarta. Allah ya sauke Kausar lafiya, ya raba ta da abin da ke cikinta cikin sauƙi.

Da farko ina so in gyara wani labari da ya iso miki a karkace. Ban ƙwace jirgin yara ba, adana shi na yi don kar su ɓata. Kukan jirgi kuwa nuna musu na yi yadda ake yi, tunda ba su taɓa jin na gaske ba. Wanda ya kawo miki wannan magana, na san Widad ce, ya ji tsoron Allah.

Na tari Inna da maganar bayan ta sha jabana, gahawarta ta safe, lokacin da ranta ya fi sanyi. Ina ambaton Kausar idonta ya kawo ruwa. Ta ce a kawo mata ita. Na faɗa mata abin da likita ta ce. Ta daɗe tana jujjuya gwangwanin goronta, sannan ta ce, "Allah shi sauke ta lahiya. Ni ba ni hawan gada." Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Tana son zuwa, Yaya, wallahi tana so, ƙafar ce ta ƙi.

Sai na zauna na yi tunani. Kin tuna jakin Baba da ba ya yarda ya taka kwalbati? Baba bai doke shi ba, ɗaure shi ya yi kusa da kwalbatin yana cin harawarsa a nan, har abin ya daina ba shi tsoro. Ba ina kwatanta Inna da jaki ba ne, Allah ya kiyaye, hikimar kawai na ɗauko. Inna ba ta taɓa ganin gadar nan ba. Ta tagar tarago ta hangi ruwa, shi ke nan abin da ta sani. Ba ta ga kaurin ginin ba, ba ta ga inda ya kama ƙasa ba. Tunda ba za ta je wurin gada ba, ni zan kawo mata gada har rakubar da take wuni.

Jiya na je Makwar takanas. Na san ba a son ɗaukar hoto a irin wurin nan, don haka da ido na ɗauko ta. Na taka ta da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, na leƙa ƙofofin ruwa, na shafa duwatsun, na bi layin dogon da ke kwance a kanta duk da jirgin fasinja ya daɗe bai bi ba, motoci ke wucewa. Na dawo na tsaga tsohon duro biyu ya zama kogi. Ginin zan yi shi da laka haɗe da siminti, ƙofofin ruwa da gwangwanin man girki, fitilun kan gada da tsinken keke. Layin da ya zo da jirgin gajere ne, amma na samu ƙarfen tsohuwar eriya da zan ƙara da shi.

Na san za ki yi dariya. Ki yi, amma ki haɗa da addu'a.

Ƙanenki mai biyayya,
Ɗayyabu

*

Hajj Abdalla, ranar Lahadi

Ɗayyabu,

Salamu alaikum, da fatan kun yini lafiya. Na ce ka kawo mini uwata, ka ce za ka tsaga duro. Kai dai tun kana yaro haka kake, a aike ka ɗebo ruwa ka dawo da rabin famfo a hannu. Maganar jakin Baba kuwa, ka yi addu'a kar ta kai kunnen Inna, don ranar ko ni ba zan cece ka ba.

Amma bari in faɗa maka gaskiya. Na bai wa ƙanwar mai cikin takardarka ta karanta mata, ni ina daga waje ina tankaɗe. Da aka zo wajen jaki sai na ji dariya, irin wadda ban ji ba tunda ta dawo gidan nan. Ta yi har ta riƙe ciki, sai da na tsorata na leƙa. Daga baya ta ce a zuba mata kunu, ta shanye. Saboda wannan kaɗai na yafe maka duron.

Ka yi sauri dai. Cikin ya sauko, unguwarzoma ta ce ba za a fi wata guda ba.

A gaida Widad, ka ce mata ta ci gaba da aiko mini labari.

Yayarka,
Zainabu

*

Hillat Garba, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Zainabu,

Bayan sallama da gaisuwar girma, ina miki albishir: gada ta tsaya. Ba don ni na gina ba, amma Sa'id da ke bin ta kullum ya tsaya a kanta ya riƙe baki. Na ja tiyo daga randa, ruwa yana shiga ta sama yana fita ta ƙofofin, yana gangarawa cikin lambun albasar Widad, wanda shi ne ya sa ta daina mita. Tasha biyu na yi, ta gabas kusa da angarib, gadon igiyar Inna, ta yamma can wajen turken akuya. Ranar farko jirgin ya ƙi hawa saboda layin ya yi tudu, rana ta biyu kaza ta kwana a kai. Yanzu sai godiya, yana tafiya sumul.

Inda aka samu matsala shi ne fasinja. Jirgi ba mutane ai ba ya nuna komai. Na yi niyyar in murza 'yan mutane da laka, sai ga Liman Abdulwahab ya shigo kallo. Ya yaba ƙwarai, amma ya ja ni gefe ya ce batun mutum-mutumi a bar shi. Na ce to da me zan cika taragon? Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayar tsohuwar tasbaharsa da ta tsinke, ya ce wannan ƙwayar ita ce shi, a kai shi Makwar.

Yaya, kin ga abin da ya buɗe ƙofa. Kafin la'asar duk hilla, ƙauyenmu kaf, ta ji. Yanzu kowa yana zuwa da kansa a tafin hannu. Widad ƙwallon dabino ce. Maƙwabciyarmu Ruqaya wake ce, ta kuma ɗiga masa lalle don kar ya ɓace cikin sauran wake. Mahaucinmu, wanda kin san ƙofar zaure da kyar take ɗaukarsa, ya zo da ƙwayar riɗi, mutane suka ce ba su yarda ba sai dai ya kawo kabewa. Ana cunkusa su a tarago, ana faɗa kan wurin zama kamar da gaske, wannan ta ce a kai ta Madani wurin ɗanta, wancan ya ce a sauke shi a kasuwa. Tsofaffin da suka taɓa hawan jirgi suna ta ba da labari, yaran da Hausarsu ta gudu suna tambaya da Larabci ana ba su amsa da Hausa. Ban taɓa ganin rakubarmu cike haka ba ko ranar suna.

Inna kuwa, ranar da na saki ruwa ta sa aka juya mata angarib ta fuskanci katanga. Ta ce wanga aikin banza ne, ta ce na tara mata jama'a sun hana ta barcin rana. Shekaranjiya jirgi yana tsakiyar gada, bayanta na wajenmu, sai muka ji ta ce direban ga ba shi da hankali, wa ke gudu haka a kan ruwa? Widad ta dube ni na dube ta. Ashe madubin da take sa kwalli da shi ta jingina a jikin matashi.

Jiya ta ce a juyo da gadon, wai katanga tana maido mata zafi. Yau na lura duk sa'ad da jirgi zai hau gada leɓenta na motsi, in ya sauka ta ce alhamdu lillahi. Amma da Ruqaya ta tsokane ta ta ce Inna Mero kawo naki fasinjan, sai ta daka mata harara ta ce kar wanda ya kuskura ya sa ta cikin abin ga.

Muna tafe, amma a hankali. A gaida Kausar da jiki.

Ƙanenki,
Ɗayyabu

*

Hajj Abdalla, ranar Juma'a

Ɗayyabu,

Barkanku da Juma'a. Madubi! Wallahi Inna ba ta canza ba. Haka take yi mana muna yara, tana kwance kamar mai barci alhali ta san wanda ya buɗe tukunya.

A cikin takardar nan akwai ƙunshi, ka buɗe a hankali. 'Yar Inna mai cikin nan ce ta aiko, ba da shawarata ba. Ta zauna da kwandon gyaɗa tana girgiza kowace a kunne har ta samu wannan, kwanso ɗaya 'ya'ya biyu a ciki. Ta ce ita ce da abin da take ɗauke da shi. Ga saƙonta kamar yadda ta faɗa: kar a sa ta a jirgi, likita ta hana ta tafiya. A ajiye ta a tashar yamma, a bar ta nan, kar a ɗauke ko an tashi daga wasa. Kar kuma ka ce wa Habboba komai sai in ita ta tambaya.

Na karɓa na shiga ɗaki na yi kukana, ba wanda ya gani. Ka kula da akuyar nan taku, tunda ka rasa inda za ka sa tashar yamma sai bakin turkenta.

Yayarka,
Zainabu

*

Hillat Garba, ranar Litinin

Yaya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri. Na ɓata komai.

Na matsar da akuya, na ajiye gyaɗar inda aka ce. Kwana biyu jirgi na zuwa yana komawa, fasinja na sauka suna hawa, ita tana nan ita kaɗai. Jiya da hantsi Inna ta kira ni ta ce wacce ce waccan da kullum ake bari a tasha, ba ta da kuɗin mota ne? Na faɗa mata. Ta sa na ɗauko, ta girgiza a kunnenta, ta ji motsin biyun. Ta miƙo mini ta ce in mayar inda take.

Bayan la'asar rakuba ta cika kamar kullum. Sai Inna ta buɗe gwangwaninta ta zaɓi farin goro, babba, wanda take ɓoyo saboda baƙi. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka kai ni wurin ɗiyan ga."

Ni kuwa daɗi ya rufe ni, sai na ga ai bai kamata in cusa mahaifiyata cikin wake da riɗi ba, ga mahauci a ciki, ga maza. Na juye tarago guda kaf, na goge shi, na yanko gefen tsohon rawanin Baba na shimfiɗa mata, na ɗora goron shi kaɗai a tsakiya. Liman ya yi addu'ar tafiya. Na kunna jirgi.

Ya tashi lafiya, ya hau gada lafiya. Kin san akwai ɗan lanƙwasa kafin manyan ƙofofin ruwa, na yi shi ne don haka yake a ta gaske. Jirgi na shan kwanar, goro ya gangara gefe, tunda ba abin da ya tare shi. Tarago ya karkata. Ina kallo, hannuna bai kai ba. Goron Inna ya tsallake shingen waya ya faɗa ruwa, tsulum, a daidai tsakiya. Jirgin da bai taɓa zubar da ko ƙwayar riɗi ba.

Ruqaya ta saki salati. Wani yaro ya fara dariya aka toshe masa baki. Inna ta sauko daga angarib da kanta, ta tako ba sanda, ta naɗe hannun riga ta tsamo goron. Ta goge shi da gefen mayafi, ta shige ɗaki ta ja labule. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Yau ta fito, ta sha jabana, ta amsa gaisuwata, amma ko kallon gadar ba ta yi ba. Na kashe ruwan, na rufe komai da buhu. Na ɗauki tsohuwa mai tsoron faɗawa kogi na nuna mata faɗawarta a gaban jama'a. Kar ki faɗa wa Kausar tukuna. Duk abin da za ki ce mini na cancanta.

Ƙanenki,
Ɗayyabu

*

Hajj Abdalla, ranar Laraba

Ɗayyabu,

Wa alaikumus salam. Rawanin Baba! Kai da ladabinka, kai da ladabinka. Na karanta na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun a bayan ɗaki.

Ba zan zage ka ba. Ka yi abin da ba wanda ya taɓa yi, ka sa Inna ta ce a kai ta. Ban faɗa wa yarinyar ba, na ce mata ana gyaran layi. Ka ci abinci, Widad ta ce ka daina.

Yayarka

*

Hillat Garba, ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ki share ɗaki, ki nemo itace mai yawa. Inna na tafe.

Ga yadda aka yi. Jiya Juma'a da safe ta yafa mayafinta na fita, ta sa Widad ta auno mudun dawa, ta ɗora goron nan a kai, suka tafi gidan Liman. Mahaifiyarsa ta kai wa, wadda duk hillar nan ba wanda ya kai ta shekaru. Ta ce sadaka ce, a ci a yi mata addu'a. Tsohuwar ba ta da haƙori, sai da aka goga mata goron a magogi, ta cinye tas Inna na zaune tana kallo.

Da suka dawo ta aika a kira ni. Na zo na durƙusa, na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce tun tana amarya take ganin kanta tana faɗawa ruwan nan, kuma ta san abin da aka nuna wa mutum haka sai ya auku. Ta ce, "To ya auku. Goro ya faɗa, ni ina zaune. Na bada shi sadaka, an cinye. Mi ya rage?"

Na buɗe baki in ce alhamdu lillahi, sai ta ce ba ta gama ba. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin wake ya faɗa. Na ce a'a. Gyaɗa fa? Na ce a'a. Ta ce saboda a cunkushe suke, wannan ya tokare wancan, ni ne da iyayina na ware ta ita kaɗai kamar mai ƙyanda. Yaya, ina durƙushe tana yi mini karatun yadda ake lodi.

Na riga na roƙi Sa'id ya bar mata gidan gaba na motarsa. Ta ce sam. A baya za ta zauna, cikin matan da ke kai albasa kasuwa, Widad a dama, Ruqaya a hagu, buhu a gaba buhu a baya, yadda ko motsi ba za ta iya ba. Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ta ce direban da ya jefa ta ruwa ba zai shiga motar ba, in zauna in kula da gida. Na ce Inna ai ba ni zan tuƙa ba. Ta ce ta sani, amma dai in zauna.

Ranar Litinin za su taso da sassafe. Na cire buhun daga kan gada, na saki ruwa, amma na kasa kunna jirgin. Don Allah suna isa ki sanar da ni yadda aka yi, kar ki rage komai.

Ƙanenki da aka bari a gida,
Ɗayyabu

*

Hajj Abdalla, ranar Talata

Autan Inna,

Salamu alaikum. Na san Widad ta faɗa maka a waya sun iso, amma Inna na kusa da ita, ba ta iya ba ka labarin ba. To saurara.

Mun sa ran su da hantsi, har azahar shiru. Yarinyar nan ta ƙi zama, tana ƙofar gida tana leƙen hanya, ni kuma na ce Inna ta fasa a bakin gada. Ashe ba haka ba ne.

Widad ta ce suna doso Makwar Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta damƙe hannunta da na Ruqaya, matan duka suka ɗauki salati. Har yanzu shatin farcen Inna yana hannun Ruqaya, na gani da idona. Mota ta hau, ta bi a hankali, ta sauka. Widad ta ce Inna buɗe ido, mun ƙetare. Ta yaye mayafi ta waiga, ta ce ina gadar? Aka nuna mata can baya. Sai ta sa hannu ta bubbuga rufin mota har Sa'id ya tsaya ya fito.

Ta ce masa ya juya. Ya ɗauka gida take son komawa, ya fara roƙonta. Ta ce wa ya ce masa gida? Ta ce, "Tun ina yarinya nike tsoron abin ga, in wuce shi ido rufe? Ban ga komi ba. A koma."

Sa'id ya ce kasuwa na watsewa, ga albasar mutane. Masu albasar da kansu suka ce ya juya. Suka koma gabas, idonta a buɗe. Suka sake juyowa yamma, wannan karon ta sa an ɗora ta kan buhu, mata sun riƙe ta ta ko'ina, tana nuna ƙofofin ruwa da yatsa tana faɗa musu inda kwana take tun kafin a kai. Ta ce in gaya maka taka ta fi kyau, amma wannan ta fi hankali.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida, 'yar Inna ta zabura da gudu. Kalmar farko da Inna ta faɗa a ƙasar da aka haife ta ita ce faɗa, ta ce ke tsaya nan, wa ya ce mai ciki na gudu? Aka sauko da ita. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, ta ce wa ya bar mata ɗiya ta rame haka, tana maganar ni take harara. Na ce ni ce, Inna. Daga nan ban ƙara ganin komai ba, idona ya cika.

Jiya kwano ɗaya suka ci, sai da aka ƙaro tuwo.

Yayarka,
Zainabu

*

Hajj Abdalla, ranar Alhamis

Ɗayyabu,

Albishirinka. Allah ya sauke ta lafiya jiya bayan sallar asuba, mace, uwa da ɗiya duk ƙalau. Inna na riƙe da hannunta tun daga farko har ƙarshe, ma'aikatan asibiti sun yi sun yi ta fita ta ƙi. An yi wa jaririyar huɗuba da sunan Inna.

Ta ce ta ɗage maka takunkumi, ka zo suna, ka taho da jirgin.

Zan tsaya nan, tana kirana. Tana bakin murhu tun ɗazu, wai ruwan wankan bai yi zafi ba.

Yayarka,
Zainabu